Sifana a Ƙofar Gida ko Layi a Gareji?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce an janye tallafin man fetur, lissafin duk mai abin hawa tsakanin Funtuwa da Malumfashi ya birkice. Litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000. Naira ta faɗi, kayan gyara suka bi dala sama. Shan mai ba ya raguwa sai in ajiye motar za a yi, don haka ido ya koma kan kuɗin gareji. Yanzu ba abin mamaki ba ne ka ga malamin makaranta ranar Asabar ya shimfiɗa buhu ya kwanta ƙarƙashin Golf ɗinsa a ƙofar gida, waya na gefe tana nuna masa bidiyon YouTube, ƙaramin ɗansa na miƙo masa sifana. Maƙwabcinsa kuwa ko ruwan lagireto sai bakanike ya duba masa. Kowannensu gani yake ɗayan ne ke asara.

Masu bidiyon nan yawancinsu Turawa ne, kuma abin da ya sa su kama sifana ba shi ne namu ba. A Ingila ko Amurka da awa bakanike yake caji, sau da yawa kuɗin hannu ya fi kuɗin abin da aka sauya. A nan hannu ne mafi araha a cikin lissafin, ƙarfen ne mai tsada. Wanda ya yi juyen baƙin mai da kansa, abin da ya tsira da shi na kuɗin aiki bai taka kara ya karya ba. In don wannan kaɗai mutum zai ɓata hutunsa, gara ya kai gareji ya zauna a benci ya sha shayi. Ribar gyara a gida tana wani wuri dabam: mutum ya san abin da ya shiga cikin motarsa, kuma kada a cinye masa rana a lokacin da rana ke da tsada.

A ɗauki juyen nan, tunda shi ne kowa ke farawa da shi. A bar inji ya ɗan yi ɗumi don man ya saki jiki, a kashe, a tura tsohon kwano, a kwance notin gindin inji. Man zai fito da ƙarfi, baƙi wuluk, sannan ya koma zare, sannan ɗigo. Yaron garejin da motoci uku ke jiransa ba zai tsaya jiran ɗigon ba. Mai mota zai jira, ba inda za shi. Zai dangwali man ya murza tsakanin yatsu biyu. In ya ji tsaki-tsaki, ko ya ga ƙyallin garin ƙarfe, inji na cin kansa. In man ya yi fari-fari ya yi kauri, ruwa na ratsowa, a fara zargin gasket. Zai shafa sabon mai a robar sabuwar filta ya ɗaure ta da hannu kawai. Zai mayar da noti ba tare da ya taka sifana da ƙafa ba, don da yawan ɗauri ake cinye zaren gindin inji. Kuma galan ɗin da ya juye shi ya sayo shi, shi ya ɓalle hatiminsa da hannunsa.

Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Baƙin mai na awo da ake tsiyayowa daga duro a bakin hanya ba wanda zai rantse maka da abin da ke ciki, kuma jabun galan mai ɗauke da sunan babban kamfani ya cika kasuwa. Ga kuma al'adar da ta zauna a garejojinmu ta zuba wa kowace mota mai kauri, 20W-50, don shi aka saba da shi tun zamanin Peugeot. Tsohuwar 504 za ta sha ta gode. Amma Corolla ta bayan 2000 an gina ta ne da ƙananan hanyoyin mai, 5W-30 ko wanda ya fi shi ruwa take nema, kuma sau da yawa an rubuta hakan a murfin wurin zuba man. Mai motar da ya karanta murfinsa ya riga ya fi wanda ya miƙa makulli ya ce "a yi mata sabis".

Sauran ayyukan gida ma irin wannan ne, ba ƙarfi suke so ba sai ido. A ƙasar da hunturu ke rufe ta da ƙura wata uku, hanyoyin ƙauye kuma jar ƙasa ce, filtar iska kan toshe tun kafin lokacin da kamfani ya rubuta. Ciro ta a kakkaɓe ko a sauya bai fi minti biyar ba, amma motar da aka bari da toshewarta za ta yi nauyi ta ƙara shan mai, wadda kuma aka cire mata filtar gaba ɗaya don ta "sha iska" ƙurar za ta goge mata ringi. Ruwan rijiya da ake ɗura wa lagireto yana barin tsatsa da ɓawo a ciki, sannu a hankali hanyoyin su tsuke. Taya ma tana ɗauke da ranar haihuwarta a gefe, lambobi huɗu: in ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Tayar gwanjo na iya zuwa da zane mai kyau alhali robarta ta bushe ta tsattsage, kuma zafin kwaltar watan Afrilu da buhu goma sha na masara ba sa duba zane. Manomin da ya ba da ƙwadagon noma ma shi yake zagaya gonarsa da safe, bai taɓa biyan wani ya duba masa ko tsutsa ta shiga ba. Duba geji da ruwa da iskar taya na wannan sahun ne, ba aikin da ake bayarwa ba ne.

Iyayenmu ba su san wannan gardamar ba, domin injunan zamaninsu a buɗe suke. Shekarar 1975 ta kawo abubuwa biyu wannan yankin. A Kaduna kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci, 404 da 504 suka zama motar ma'aikaci da ɗan kasuwa da direban tasha. A Funtuwa kuma aka fara shirin raya aikin gona da Bankin Duniya ya sa kuɗi a ciki, ɗaya daga cikin ukun farko a Najeriya tare da na Gusau da na Gombe. Shirin ya fasa hanyoyin ƙauyuka, ya kai taki kusa da manomi, ya yaɗa masara a ƙasar da aka sani da auduga da dawa. Kaya suka yi yawa, jirgin ƙasan da ya ratsa Funtuwa zuwa Ƙauran Namoda tun 1929 ya yi ta ja da baya, sai komai ya koma kan taya. Direban wancan lokacin da akwatin sifanunsa yake yawo. Ka buɗe bonet ɗin 504 ka ga komai a fili: kafireta ga ta, filogi huɗu ga su, fanbel ga shi, har da sarari da hannu zai shiga. In ta mutu a hanyar Bakori, ko mai ne bai zuwa ko wuta, kuma duka biyun ana gane su da ido. Wanda ya tashi a wannan zamanin yana da gaskiya in ya ce gyaran mota ba tsafi ba ne. Sai dai motar da yake nufi ba ita ce a ƙofar gidansa yanzu ba.

Abin da gareji yake da shi wanda gida ba zai taɓa samu ba shi ne maimaici. Mai mota inji guda ya sani. Bakaniken da ya shekara ashirin a bakin tasha ya buɗe irin wannan injin sau ba adadi, ya san inda yake fara gajiya. Na zauna a wani gareji a gefen Funtuwa lokacin kaka, aka shigo da Canter ɗauke da masara daga wajen Dandume tana wani ƙwanƙwasa. Ubangidan wurin bai ce a kwance komai ba. Doguwar sukudireba ya ɗauko, ya dafa bakinta a jikin inji, ya manna kunnensa a ƙotar. Ya matsa gaba kaɗan, ya sake saurare, ya ce wa yaro ya ɗan taka totur. Sannan ya ɗago.

"Alhaji, tun yaushe ta fara wannan kukan?"

"Wallahi Injiniya, yau na fara ji."

"A'a Alhaji, yau dai ka saurara. Wannan ya kwana biyu. A sauke kayan nan a wata motar, in ta ƙara tafiya a haka bugawa za ta yi."

Babu bidiyon da zai koya wa mutum wannan kunnen. Amma a lura da tambayar da ya fara yi. Abin da ya nema a wurin mai motar shi ne tarihi, kuma bai samu ba. Da Alhaji na cikin masu buɗe bonet kowace safiya, da ya ce tun makon jiya geji ke sauka, da ƙila ba a kai ga sauke kaya ba.

Bayan kunne akwai kayan aiki da hannuwa. Gareji na da rami, yana da sarƙar ɗaga inji rataye a reshen dogon yaro, yana da maƙwabta: rewaya na nan, mai walda na can, mai faci a bakin titi, mai gyaran lagireto a bayan shago. Motar da ta shiga da ciwo ɗaya aka tarar da uku, a wuni guda za a zagaya da ita. Aikin birki kuwa ko a garejin ma mutum ɗaya ba ya yin sa. Wani na zaune a kujerar direba, wani na durƙushe wurin taya da ƙaramar sifana yana ba da umarni: "Danna! Danna! Riƙe!" Ya sassauta noti, mai ya tsirto da kumfa, ya ɗaure, sannan ya ce "Saki." Haka za a bi tayoyin huɗu har kumfar ta ƙare. In aka bar iska kaɗan a ciki, birki zai kama lafiya lau a ƙofar gida, sai ranar da aka ɗauko fasinja aka zo gangara ƙafa ta nutse har ƙasa. Kuskuren juye injinka kaɗai zai ci. Kuskuren birki da sitiyari har da wanda ke tafiya a gefen hanya bai san hawa ba bai san sauka ba. Haka taimin bel: a injuna da yawa in aka kuskure haƙori biyu ko bel ɗin ya tsinke, fistin zai yi karo da bawul, aikin yini ya koma sayen rabin inji. Irin waɗannan ban ga dalilin da zai sa mutum ya koye su a kan motar da zai ɗauki iyalinsa ba.

To amma wanda ya ce gareji wurin ƙwararru ne kawai bai daɗe a benci ba. Yawancin bakanikenmu da ido da hannu suka koya, tun suna yara masu wanke noti a fetur, kuma abin da ubangida ya yi shi yaro zai yi har ya buɗe nasa wurin, daidai ne ko kuskure. Mafi shahara shi ne cire tamostat. Mota ta fara zafi, maimakon a nemo dalili sai a ciro shi a jefar, a haɗa fanka kai-tsaye, a ce wannan na ƙasar sanyi ne. Alhali an gina injin ne ya yi aiki a kusan digiri 90, kuma tamostat ne ke kai shi can da wuri ya tsayar da shi. Ba shi, da asubar hunturu motar za ta yi tafiya mai nisa injin bai ɗumama ba, kwamfutar cikinta na ta ƙara masa mai don tana ganin har yanzu sanyi yake. A farashin fetur na yau wannan hukunci ne da mai mota ke biya kullum bai sani ba. Akwai masu ɗaure kan inji da ƙiyasi, ba sifanar awo. Akwai masu gwada altaneta ta hanyar cire kan batir inji na aiki, dabarar da 504 ke jurewa amma take iya ƙone birenbos. Akwai kuma, a faɗi gaskiya, wanda motarka za ta kwana a wurinsa ta dawo da ƙarar salansa, an ƙwaƙule abin nan da ake kira indomi an sayar, saboda ƙarafa masu daraja da ke cikinsa. Sannan ga "gobe in Allah ya kai mu" wadda ba ta da ranar ƙarewa.

Wannan goben ita ce ta fi ciwo a ƙasar noma. Tumatirin Danja ba ya jiran bakanike ya dawo daga ɗaurin aure. Mai Canter da ya rasa ranar kasuwa a tsakiyar kaka ya rasa abin da ba zai mayar ba a watan Yuni, kuma a daidai lokacin ne kowane gareji ke cike, domin kowa sai kaya sun taru yake tuna motarsa.

Shi ma bakaniken yana da nasa ƙorafin, kuma ba ƙarya yake ba. Mai mota zai zo da mafi arahar abin da ya samu a kasuwa ya ce a ɗaura, bayan sati biyu ya dawo yana faɗa. Zai ja kuɗin hannu har sai an ji kunya, sannan ya ce sauran sai an sayar da waken suya. Wani sai ya gama jagwalgwala motar a gida, noti ya cinye, waya ta haɗu da waya, sannan ya turo ta ya ce haka kawai ta mutu. Mutumin da ake biya haka ba abin mamaki ba ne in ya nemi ribarsa a wajen sayen kaya.

A nan ne ainihin rigimar take, a kan wanda zai sayo ƙarfen. Abin da babu a shagunan Funtuwa da Malumfashi sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, wani ma daga Legas ko Nnewi yake tasowa. Kowane abu kuma iri-iri ne: ga na Beljiyam da aka ciro daga motar da ta gama aiki a Turai, ga sabo mai kyau, ga sabo mai kwalin mai kyau. In ka sayo da kanka ka tsira daga ƙarin da za a ɗora maka, amma in bai yi ba asararka ce, mai shago zai ce an riga an ɗaura, bakanike zai ce ba shi ya zaɓa ba. In ka bar wa bakanike za ka biya sama da farashi, sai dai shi mai shagon na jin nauyinsa, don gobe ma zai dawo, kuma zai iya mayar da abin a sauya masa. Ni a ganina filta da filogi da baƙin mai da batir mutum ya saya da kansa a wurin da ya yarda da shi. Giya ko famfon mai na Beljiyam kuwa, wanda ba a sanin lafiyarsa sai an ɗaura, gara a bar wuyan wanda zai ɗaura a ciki, a kuma ce ya ajiye maka tsohon da ya cire.

Motocin yanzu sun zo da wani abu da ya rikita tsohon rabon aiki. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa ƙananan motoci soket guda mai ƙafa 16 a ƙarƙashin sitiyari, Turai ta bi a 2001 ga masu shan fetur, kuma yawancin Tokumbo da ke yawo a nan suna da shi. Da 'yar na'ura da ake haɗawa da waya, mai mota zai iya karanta abin da ya kunna masa wutar cek. Abin mamaki, ta wannan fuskar malamin makarantar da ke karanta Turanci ya fi tsohon bakaniken da bai yarda da kwamfuta ba. Sai dai na'urar wurin ciwo take nunawa, ba ta faɗin sababi. In ta ce P0301, silinda ta ɗaya ce ke tsallake wuta. Filogi ne? Koyil ne? Nozul ne, ko ringi ya gaji? Mai haƙuri zai musanya koyil ɗin ta ɗaya da na ta biyu ya sake karantawa: in lambar ta koma P0302 ya kama ɓarawonsa ba tare da ya sayi komai ba. Marar haƙuri zai yi ta sayen kaya ɗaya bayan ɗaya, wato dai abin da yake zargin gareji da shi. Kuma mafi yawan ciwon irin waɗannan motocin a nan ba daga kwamfuta yake farawa ba. Daga tanki ne: man bumburutu mai datti, da tafiya kullum wutar mai na kunne, alhali famfon da ke cikin tanki da fetur ɗin yake sanyaya jikinsa.

Akwai kuma abin da ba ya cikin kowane littafin kamfani. A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta rufe wasu hanyoyi ta kuma hana sayar da fetur a jarka, a watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama, har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi. Wanda motarsa ta tsaya a wancan lokacin ba shi da wanda zai kira. Layuka sun dawo, amma har yau ba mai son magariba ta same shi tsaye a hanyar Faskari ko Ƙanƙara ko Sabuwa yana jiran a kawo masa bakanike daga gari. A irin wannan wurin, iya sauya taya cikin sauri, gane fis ɗin da ya ƙone, ɗaure kan batir da ya saki, ɗaura fanbel na ajiya, sun daina zama sha'awa. Wanda bai taɓa gwada jak ɗinsa a ƙofar gida ba, a can ne zai gano cewa safayar ba iska, ko sifanar taya ba ta shiga notinsa. Wannan dalili kaɗai ya isa ya sa ko wanda ya fi kowa ƙyamar baƙin mai ya koyi abu huɗu ko biyar.

Babur da injin ban-ruwa kuwa ba su ma cikin gardamar. Boxer silinda ɗaya gare ta, filogi ɗaya, man da bai fi lita guda ba. Mai noman rani da ke bakin dam ɗin Mairuwa ko wata fadama ba zai bar tumatir da ƙishi ya ɗauki inji zuwa gari don kafireta ta toshe ba. Yana kwance ta a kan buhu, ya hure, ya mayar, kuma daidai ya yi.

Tarakta ce ke tsaka-tsaki. Tsohuwar Massey Ferguson ƙarfe ce zalla, direbanta na iya rabin gyaranta a gona. Sababbin da ake ƙerawa a ƙasashen waje kuwa sun kai inda manomi ba ya iya taɓa su sai da kwamfutar dila. Manoman Amurka sun shekara suna wannan faɗan da kamfanin John Deere, har a Janairun 2023 kamfanin ya sa hannu a yarjejeniya da babbar ƙungiyarsu cewa zai buɗe musu kayan bincike, jihar Colorado kuma ta yi doka a shekarar ta ba manomi ikon gyara na'urarsa. Su da dila ke kusa da su ke nan. Duk gwamnatin da za ta sayo mana taraktoci, kafin a yi bikin raba su ya kamata a tambaya wa zai buɗe su in sun tsaya a Ƙafur ana tsakiyar huɗa.

Gida ma na da nasa haɗarin, kuma ya fi na gareji muni ta fuska ɗaya: akwai yara a wurin. Jak ba a shiga ƙarƙashinsa, musamman a kan ƙasa mai laushi bayan ruwa, sai an tokare da kututture mai ƙwari, ba bulon siminti da ke fashewa ba gargaɗi ba. Murfin lagireto ba a buɗe shi inji na zafi. Wankin ƙarfe da fetur a tsakar gidan da ake girki da itace neman magana ne, haka barin inji na aiki a rufaffen wuri, don hayaƙinsa na kisa ba tare da mutum ya farga ba. Tsohon man da aka juye kuma ba a zuba shi a kwata ko kusa da rijiya, kuma ba maganin gyambon dabba ba ne, ko da an ga wani na shafawa. A gareji aƙalla akwai mai zuwa saye.

Yanzu ga wani sabon abu da ya fi ƙarfin ɓangarorin biyu. Tun 2023 gwamnatin tarayya ke tura masu mota su koma gas ɗin CNG, kuma tsadar fetur na sa direbobin haya kasa kunne. Tukunyar wannan gas ɗin tana ɗaukar matsi kusan bar 200, wato wajen ninki ɗari na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota, kuma ba ta da dangantaka da tukunyar girki. A Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a gidan gas a birnin Benin ana cikin ɗura mata, mutane suka ji munanan raunuka, aka gano tukunyar haɗin walda ce ta cikin gari. Mai sifana a ƙofar gida ba shi da abin gwada irin wannan tukunyar, mai walda a bayan tasha ma ba shi da shi. In tashoshin gas ɗin suka yawaita a hanyar Zariya zuwa Gusau, za a samu masu cewa za su haɗa maka a rabin kuɗi, kuma motocin da za su fara karɓar tayin su ne masu ɗaukar fasinja.